Ƙwarya Biyu a Gindin Tsamiya

Ranar Laraba da hantsi Inna Kolo ta shigo sashen Aliya, matar ɗanta, bakinta har kunne. Aliya na tsugune tana tankaɗen garin gero.

"Albishirinki, ƴar nan."

"Goro, Inna."

"Malam ya ce in gaya miki, ranar Asabar shi da kansa zai sauka kwari ya watsa miki takinki. Da hannunsa fa. Ko ƴaƴan cikinsa bai taɓa yi wa haka ba."

Aliya ta ce, "Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri." Bakinta ne kawai ya faɗa. Gabanta ya riga ya faɗi, har rariyar ta karkace gari ya zube a tabarma. Inna Kolo kuwa ta ɗauka murna ce, ta fita tana dariya.

Malam Nomau shi ne surukin Aliya, mahaifin mijinta Mahamud, kuma shi ne mai gandu. Duk ƙauyukan ƙasar Garagumsa an san shi da hannun watsi. In ya rungumi tasa a ƙugu ya shiga gona, taku ɗaya watsi ɗaya, farin taki yakan baje a kan ƙasa, ba inda ya taru ba inda ya rasa, har masu wucewa kan tsaya a bakin hanya su yi kallo. Bayan kwana biyu sai ya koma ya tsaya a tsakiyar gonar, ya buɗe hanci ya shaƙa. In ya ji wani wari mai yaji yana tasowa daga ƙasa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Kun ji ko? Ƙarfin taki ke nan. Ya kama." Shekara ashirin yana faɗin haka, ba a taɓa samun wanda ya ce masa a'a ba.

Kwarin da ake magana wata ƴar fadama ce a bayan gari, inda ruwa ke ɗan kwanciya. A duk gonakin gidan nan ne kaɗai masara ke yarda ta tsaya, sauran duk jigawa ce, sai gero da wake. To amma shekara uku a jere masarar kwarin tana yi wa Malam wulaƙanci. Sai ta tashi kore shar, a watsa mata taki, ta ɗan yi mako biyu tana ƙyalli, daga nan ganye ya koma ruwan ɗorawa tun daga ƙasa, goyon ya fito bai fi yatsa ba. Malam ya ce ƙasar ta gaji. Zakariya'u, wan Mahamud, ya ce a ba shi ya dasa rogo. Ba mugu ba ne Zakariya'u, mai iyali ne, bakuna tara yake ciyarwa, kuma mai bakuna tara idonsa ba ya wuce fili.

Aliya ce ta aika Inna Kolo ta roƙar mata damina ɗaya. Bayan kwana uku Malam ya yanke: damina ɗaya. In masara ta yi goyon kirki, kwari ya zama gamanarta, gonarta ta kanta, ta riƙe har abin da Allah ya yi. In ba ta yi ba, Zakariya'u ya kawo rogonsa, kuma kada a sake tayar masa da maganar.

Ba don son gona Aliya ta roƙa ba. Mahamud shekararsa biyu ke nan a Aljeriya, aike yakan zo yakan ƙi zuwa. Masara kuwa tana nuna kafin gero, daidai makonnin nan da rumbu ke komawa sai ƙura da kashin ɓera. Bara a irin wannan lokacin tafasa da ɗan ƙuli ta yi ta ba ƴaƴanta huɗu har kwana goma sha tara. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma ta rantse tsakaninta da Allah ba za ta sake ƙirga irinsu ba.

Takin da ake shirin watsa mata rabin buhun ure ne, farin angire, takin zamani mai kama da sukari, shi ne aiken Mahamud na bana kacokan. Ranar da aka sauke shi, Malam ya ce ɗakin Aliya na yoyo, danshi zai ɓata shi, aka kai ɗakin ajiyarsa, ya kulle ya jefa makulli a aljihu. In wannan ya tafi, babu wani.

Abin da ya faɗar mata da gaba, a Takieta ta samo shi. Duk ranin da ya wuce, kowace Litinin takan bi matan garin zuwa makarantar gona da wata malamar gona, Madam Ummul Khairi, ke yi musu a gindin bishiya. Wata rana Madam ta jiƙa ƙasa wuri biyu. Wuri ɗaya ta watsa ure a sama, ɗayan ta yi rami ta binne, ta kife ƙwarya a kan kowanne, ta ce a dawo jibi. Da suka dawo ta ce Aliya ta ɗaga ta farko. Wari ya doki Aliya a hanci har hawaye ya zubo mata, mata suka yi ta dariya. Ta ɗaga ta biyu, ba komai sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Madam ta ce, "Warin nan da kuka ji, takin ne ya zama iska yana tafiya. In kun watsa ure a kan ƙasa mai danshi, rana ta buɗe, rabonsa na sama ne. Wanda ya saura, in ruwa mai ƙarfi ya zo, ya wanke shi zuwa tabki. Wanda ya faɗa cikin kan masara kuwa ƙona ta yake yi. Ku binne shi. Marfin kwalba ɗaya a kowane gindi, yatsu huɗu daga kara, ku rufe da ƙasa. Kuma kada ku ba ta duka a rana ɗaya. Rabi in ta kai gwiwa, rabi in ta kusa fure."

Tun a wurin Aliya ta gane warin. Shi ne wanda surukinta ke tsayawa a tsakiyar gona yana yabo. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗaure a ranta cewa in ta samu kwarin, ita za ta zuba takinta da kanta a hankali, ba wanda zai ji kunya. Ina ta san Malam zai ga masararta ta kai gwiwa, layi tsaf ba ciyawa ko ɗaya, ya ji daɗi har ya ce zai girmama ta?

Wanda bai san gidan ba zai ce, to ta je ta gaya masa mana. Ai fa. Shekara goma sha ɗaya Aliya na gidan nan, ba ta taɓa yi wa Malam Nomau magana da ta wuce gaisuwa ba. In ta hango shi, takalmi take cirewa ta durƙusa a gefen hanya, ta kau da kai har ya wuce. Ba ta cin abinci inda zai gani. Sunansa bai taɓa hawa harshenta ba, ko "noma" ba ta cewa, sai dai "aikin gona". Shi ma bai taɓa kiran sunanta ba, Uwar Biyu yake ce mata saboda tagwayenta, kuma ko wannan ɗin ba a gabanta ba. Saƙo tsakaninsu sai ya bi ta bakin Inna Kolo. Wannan kunyar ita ce mutuncin Aliya a gidan, da ita ake misali ga sababbin amare.

Saboda haka da yamma ta samu Inna Kolo a madafa, ta zauna ta kewaya ta kewaya, sannan ta fito da maganar. Tsohuwa ta saki muciya ta dube ta.

"Ni in je in ce wa Malam bai iya zuba taki ba? Ke ƴar nan, so kike a kore ni da tsufana? Ina za ni?"

"Inna, ba cewa za ki yi bai iya ba. Ki ce a binne kawai."

"Shi ke nan ai na ce bai iya ba. Mutum ya ce zai yi miki abin da bai yi wa ƴaƴansa ba, ki aika masa da gyara? Tashi ki ba ni wuri, tuwona zai yi gudaji."

Ranar Alhamis da safe ta hau tudun bayan makaranta, inda ake samun rezon waya, ta kira Mahamud. Ana jin ƙarar guduma a bayansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Aliya, kin san Baba. In ya ce zai yi miki abu, ki ce kin gode. Don Allah kada ki sa a kira ni a ce matata ta yi wa ubana gyara."

"To masarar fa, maigida? In ta koma ɗorawa, kwarin ya tafi."

"Allah na nan," ya ce, layin ya yanke, ko kuma shi ya yanke, ba ta sani ba.

Ta kira Madam Ummul Khairi. Madam na Damagaram, an tura su formasiyo, wato horo, sai mako mai zuwa. Aliya ta tsaya a kan tudun da talho a hannu, ta hango kwarin can ƙasa, masararta kore tana kaɗawa. Tsoro ya kama ta sosai, kuma haushi ya biyo bayansa, don kowa ya san hanyar da ba za a bi ba, ba wanda ya nuna mata wadda za a bi.

Tana saukowa ne abin ya faɗo mata. In ba ta da bakin yi masa magana, ai Madam ma ba da baki ta fara koya musu ba. Akwai ɗan ƙullin ure da aka raba musu a makaranta, yana nan cikin kwallarta. Ta ɗauko shi, ta ɗauki ƙwarya biyu da butar ruwa da marfin kwalba, ta nufi kwari. A bakin gonar akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta Malam ke ajiye takalmi ya zauna duk ranar da ya sauko. Nan ta jiƙa ƙasa wuri biyu. Marfi uku ta watsa a sama, marfi uku ta binne. Ta kife ƙoren, ta toshe bakinsu da ƙasa kada iska ta shiga. A lissafinta, zai zo ya gani, ya ɗaga, ya shaƙa, ya gane da kansa, ba wanda ya buɗe baki balle a ji kunya. Lissafi ne na wadda tsoro ya hana ta hango gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi ruwa mai kyau, ƙasa ta sha. Asabar ta waye garau, tun da hantsi rana ta buɗe da zafi, can gabas kuma wani baƙin hadari ya fara ɗaga kai. Aliya ta riga kowa zuwa. Ta dubi ƙasar mai danshi, ta dubi ranar, ta dubi hadarin, ta ga duk abin da Madam ta lissafa ya haɗu a rana ɗaya. In an watsa yanzu, rana ta ɗauki nata kafin azahar, ruwan la'asar ya kwashe saura zuwa tabki.

Ta ji ƙarar sharet, amalanken gidan. Zakariya'u ne ke kora jakin, Malam na zaune a kan buhun, sandarsa a gicciye kan cinya, tasar watsi a gefensa. Aliya ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan, ta kau da kai ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon masara. Ya sauko a hankali ya nufi gindin tsamiya.

Zakariya'u ne ya fara gani. Ya yi tsalle ya tari gaban mahaifinsa.

"Baba, tsaya. Kada ka ƙarasa."

"Mene ne?"

"Duba can. Ƙwarya biyu a kife, an toshe bakinsu da ƙasa, a gindin tsamiya, kuma daidai inda kake zama." Ya rage murya, amma ba yadda Aliya ba za ta ji ba. "Wannan ai binne ne. Wani ke son riƙe gonar nan ta ƙarƙashin ƙasa."

Sai yanzu Aliya ta ga abin da idon wani zai gani. Kwana biyu tana tunanin taki, ko sau ɗaya ba ta tuna irin abin da ake kifewa a gindin tsamiya ba. A garinsu macen da aka ce ta binne wa surukinta asiri, ba gona kaɗai take rasawa ba. Kayanta ake ɗaure mata, ƴaƴa kuma su zauna gidan ubansu.

Malam ya daɗe yana kallon ƙoren. Sannan ya yi magana, ba da ita ba, da iska.

"A tambayi Uwar Biyu, ta san da wannan?"

Zakariya'u ya juyo. "Kin ji Baba."

"Ni na kife su, Yaya," ta ce. "Taki ne."

"Taki? A ƙarƙashin ƙwarya? Yaushe aka fara shuka ƙwarya a garin nan? Baba, a bari in kira liman ya zo ya gani da idonsa, kada a ce sharri na yi mata."

"Ya isa," in ji Malam.

Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya tattara rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Zakariya'u na cewa kada ya taɓa da hannu, bai ko dube shi ba. Ya yi bisimilla ya ɗaga ƙwaryar farko.

Warin da ya kwana biyu a kulle ya taso masa gaba ɗaya. Tsoho ya ja da baya yana tari, idanunsa suka kawo ruwa. Zakariya'u ya fara salati. Amma Malam ya ɗaga masa hannu, ya sake matsowa, ya shaƙa a hankali, fuskarsa ta saki.

"Kai, rufe mana baki. Wannan ai ƙarfin taki ne. Na san shi kamar yadda na san warin garkena." Ya gyaɗa kai. "Mai kyau Mahamud ya aiko."

Ya ɗaga ta biyu. Ya shaƙa. Ya sake sunkuyawa ya shaƙa. Ba komai, sai ƙasa mai danshi da wata ƴar tururuwa tana gudu.

"Wannan kuma babu komai a ciki."

"To ita ce abin tambaya," in ji Zakariya'u. "Me aka binne a nan ɗin?"

Malam ya zauna a kan saiwar tsamiya. Abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha ɗaya, shi ya yi: ya juyo ya fuskance ta.

"Uwar Biyu, ke nake tambaya, ba ta bakin kowa ba. Mene ne ma'anar ƙwarya biyun nan?"

Hanya biyu ce a gabanta, kuma ta gan su sarai. Tana iya cewa gwada ƙarfin takin ta yi, ta biyun kuma mantuwa ce. Ya riga ya ji daɗin warin, zai yarda, maganar asiri ta mutu, ya tashi ya watsa mata takinta cikin mutunci, bayan mako biyu masara ta koma ɗorawa. Ko kuma ta gaya wa dattijon da ya sauko don ya girmama ta, a gaban babban ɗansa, cewa abin da ya shekara ashirin yana yabo asara ce. Ta tuna kwana goma sha taran nan, da yadda ƙaramar cikin tagwayen ta daina kuka a na sha biyar, ta koma kallo kawai.

Ta kafa ido a ƙasa, ga ƙasar ta yi magana.

"Marfi uku-uku ne, Baba. Taki ɗaya, rana ɗaya. Na farko a sama na watsa. Na biyu binne shi na yi. Warin nan ba kamawa ba ne. Takin ne yake tashi yana tafiya. Wanda aka binne yana nan, bai je ko'ina ba."

Jaki ya kaɗa kunne. Can gabas aka yi wata doguwar tsawa ƙasa-ƙasa.

Malam ya sa yatsa a wurin ƙwarya ta biyu, ya tona, ya ɗebo ƙasar ciki ya kai hanci. Ya daɗe da ita a hancin. Aliya ba ta ɗaga kai ba, amma ta ga hannunsa, ta ga yadda ya murje ƙasar a hankali ya bar ta ta zube.

Zakariya'u ne ya kasa haƙuri. "Wato kina nufin duk shekarun nan Baba bai san abin da yake yi ba? A gabansa kike faɗa?"

Da ma ya yi shiru. Abin da ita ta kewaye, shi ya ɗauko ya ajiye a fili, kuma sai da ya fito daga bakinsa ya ji nauyinsa.

Malam ya ce, "Sauke buhun. Ka kai jakin nan tabki ya sha ruwa."

"Baba, yanzu fa ya sha."

"Ya ƙara."

Zakariya'u ya sauke buhun ya ja jaki ya tafi yana waiwaye. Aka bar su su biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Malam ya miƙe, ya kwance bakin buhun, ya cika tasarsa fal, ya rungume ta a ƙugu kamar kullum, ya ɗauki sanda ya nufi layin farko.

Shi ke nan, in ji Aliya a ranta. Ta zubar da kunyarta ta shekara goma sha ɗaya, kuma takin ma zai tafi. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi, ba ta da ƙarfin sharewa.

Ya tsaya a bakin layin. Ya tura hannu cikin tasar ya damƙo, hannun ya yi baya yadda ya saba. A nan ya tsaya. Ta ga farin takin yana zubowa ta tsakanin yatsunsa, yana komawa cikin tasar, har hannun ya zama wayam. Ya sunkuya ya ajiye tasar a tsakiyar kunya. Ya kama sandarsa da hannu biyu, ya caka ta a gindin masarar farko, ya zare. Sannan ya tsaya, ya juya mata ƙeya, yana kallon hadari kamar shi ya kawo shi gonar.

Sai da ta ɗan jima kafin ta gane jiranta yake yi.

Ta tashi, ta kwance marfin kwalbar daga bakin zanenta, ta ƙarasa a sunkuye. Da ta duba ramin, ta ga ya yi kusa da kara sosai, in ta zuba a nan saiwar za ta ƙone. Ba ta da sauran magana a bakinta, ta ƙarar da ta shekara goma sha ɗaya. Sai ta rufe ramin da tafin hannu, ta jera yatsunta huɗu daga jikin karan, ta huda wani da ɗan yatsa, ta zuba marfi ɗaya, ta mayar da ƙasa ta danne.

Malam na kallon gabas, bai sunkuyo ba. Amma da ya taka zuwa masara ta biyu ya caka sandar, yatsu huɗu ne cif.

Haka suka bi layin, shi a gaba yana hudawa, ita a baya tana zubawa tana rufewa, ba mai kallon wani. Da Zakariya'u ya dawo ya same su a layi na huɗu, ya tsaya baki buɗe. Mahaifinsa bai juyo ba ya ce, "Ka tsaya kallo ne? Bi bayanta kana rufewa, ka danna da diddige." Zakariya'u ya dubi ƙeyar tsohon, ya cire takalmi ya shiga layi.

Aikin ba na wasa ba ne. Da watsi ne, da tuni an gama an koma gida. Wannan kuwa gindi-gindi ne, rana na dukan ƙeya, bayan Aliya kamar zai tsage, hadari kuma yana ta cin sama yana matsowa. Sau biyu Zakariya'u ya ce Baba ya huta ya karɓe shi, sau biyu tsoho ya yi kamar bai ji ba. Suka tsaya suka yi azahar a gindin tsamiya, ita can nesa, suka koma. Iska ta fara kaɗa ganyen masara tana juya shi. Aliya na zubawa tana satar kallon layukan da suka rage, tana roƙon Allah ya riƙe ruwan nan ko na rabin sa'a.

Ɗigon farko ya faɗo mata a wuya suna layin ƙarshe. Suka ƙarasa da gudu-gudu, tsohon ma har da shi. Da Zakariya'u ya danne rami na ƙarshe, Aliya ta miƙe ta dubi gonar. Ba fari ko ƙwaya ɗaya a kan ƙasa, kamar ba a zuba komai ba.

Rabin takin na nan a buhu. Malam ya dubi abin da ya rage, ya dubi wajen da take tsaye, bai tambaya ba. Ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya cire rawaninsa ya lulluɓe shi kada ruwa ya taɓa. Zakariya'u ya ɗora a sharet, ya miƙa hannu.

"Kawo makullin, Baba, in riga ku in mayar da shi ɗakin ajiya."

"Ba can za shi ba," in ji Malam Nomau. Ya hau sharet ɗin da ƙyar, ya gyara zama, kansa ba rawani, ruwa na sauka a kan furfurarsa. "Kai shi ɗakin mai gonar. Ita ta san ranar da za a ƙara."

Zakariya'u ya tsaya da hannu a miƙe. Ya dubi kwarin tun daga wannan baki har wancan, sannan ya sauke hannun ya kama igiyar jaki.

Ruwa ya tsuge. Aliya ta durƙusa a cikin taɓo a gefen hanya, ta kau da kai yadda ta saba, ta ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Sharet ta riga ta motsa. Bai waiwayo ba, amma ta ji ya ce amin.